Baba ya ce wai shekara biyar zan yi a jami'a don in fito bakanike

Sadiq Rigasa:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Don Allah shawara nake nema. Bana na gama sakandare, sakamako ya fito, na samu kiredit a lissafi da fiziks da kemistiri da Turanci. Ina so in cike Makanikal a JAMB mai zuwa. Da na gaya wa Baba sai ya ce wai shekara biyar zan yi a jami'a don in fito bakanike? Ya ce in dai kanikanci nake so ga gareji nan a bakin layi, gobe ma sai ya kai ni, ba sai ya sayar da komai nasa ba. Shi likitanci yake so in yi, ni kuma zuciyata ba ta can. Gaskiya ban iya yi masa bayani ba, don abin da na sani kawai shi ne tun ina ƙarami in aka kwance injin niƙan Baba ba na iya tashi daga wurin sai an ɗaure. Waɗanda suka karanta ko suke aikin, ku faɗa mini tsakani da Allah: me ake koyarwa, kuma akwai abinci a ciki?

Maman Hanifa:
Wa alaikumus salam. Allah ya yi maka zaɓi mafi alheri. Amma ka bi mahaifinka a hankali, kada ka ɗaga masa murya a kan wannan magana. Bari masu abin su zo.

Injiniya Bala:
Wa alaikumus salam ƙanena. Tambayar mahaifinka ba ta raini ba ce, ni ma irinta aka yi mini a gida. Na karanta Makanikal, yau shekara 16 ina aiki, yawancinsu a masana'antar siminti.

Ka ce mahaifinka yana da injin niƙa, to mu tsaya a kansa. Kafin injin nan ya iso hannunsa, akwai wanda ya zauna ya yanke shawarar kaurin sandar ƙarfen da ke juya faifan niƙa, da irin ƙarfen da za a yi ta da shi, da girman boris ɗin da zai riƙe ta, da ƙarfin doki nawa ake buƙata don a niƙa buhu kaza a awa. Wannan mutumin shi ne injiniyan Makanikal. Bakanike yana samun inji an riga an haife shi, ya yi masa magani in ya yi ciwo. Shi injiniya ana tambayarsa tun abin bai wanzu ba, kuma in ya lalace ana so ya faɗi dalili da lissafi, yadda ba zai sake ba.

Karatun a jami'o'in Najeriya shekara biyar ne. Aji ɗaya kusan maimaicin sakandare ne mai zurfi: lissafi, fiziks, kemistiri. A aji biyu za ka haɗu da zanen injiniya da aikin hannu a wokshop, wato feƙe ƙarfe, walda, goge ƙarfe da magagari har hannunka ya yi kanta. Daga nan ake shiga uwar karatun: yadda nauyi da motsi suke aiki a kan abu, juriyar ƙarfe da sauran kayan ƙira, ilimin zafi da yadda ake juya shi ya zama ƙarfi, gudanar ruwa da iska a cikin bututu da famfo, sai ƙirar sassan inji. A aji huɗu za a tura ka SIWES, wato koyon aiki a aikace, wata shida a masana'anta. Aji biyar kuma ka yi aikin kammalawa, mafi yawa ƙera wani inji ne ko gwada shi.

Abu ɗaya ba zan ɓoye maka ba: lissafi ba ya barinka tun daga ranar farko har ranar fita. Wanda ya shigo don yana son mota kawai, aji biyu ke sallamarsa.

Baba Tanimu Mai Gareji:
Injiniya, na karanta bayaninka, na gode, amma akwai wurin da ya sosa mini rai. Shekarata 31 ina riƙe da sifana. Duk shekara ana turo mini yaranku 'yan jami'a su yi wata shida. Wallahi na ga ɗan aji huɗu da na ce ya miƙo mini sifana mai lamba 17 ya tsaya yana juya akwati. Na ga wanda bai taɓa ganin fistin da idonsa ba sai a takarda. To in shi ne mai sanin dalili, mu kuma masu magani kawai, me ya sa sai ya zo wurina? Ni ina jin ƙarar inji daga ƙofar gareji in gaya maka boris ne ko rin ne, kafin a buɗe bonet. Wannan ba sanin dalili ba ne?

Injiniya Bala:
Maigida, Allah ya huci zuciyarka. Wallahi ban faɗa don in rage muku daraja ba. Wanda ya koya mini sauraron inji da dogon sukudireba, a ɗora bakinsa a jikin gidan boris a kara kunne a mariƙin, fita ne, wato mai haɗa inji da gyara shi, da bai gama firamare ba. Har gobe Oga nake ce masa. Maganarka a kan yaranmu kuma gaskiya ce, ba na musu. Wasu makarantun injinan wokshop ɗinsu sun girmi malaman, ɗalibi hamsin a kan inji ɗaya, wata rana babu wuta. Wannan ciwo ne a jikinmu.

Amma bari in tambaye ka abu ɗaya, don yaron nan ya ga inda muka bambanta. Mota ta zo tana zafi, me yawancin gareji suke fara yi wa tamostat?

Baba Tanimu Mai Gareji:
Cirewa ake yi. An yi shi ne don ƙasar sanyi. Mu nan zafin watan Afrilu ya ishe mu.

Injiniya Bala:
To nan ne nake jayayya. Wanda ya ƙera injin ya lissafa tazarar da ke tsakanin fistin da silinda a kan cewa injin zai yi aiki da zafi wajen digiri 85 zuwa 95. Ƙarfe yana buɗewa in ya ji zafi, sai sassan su zauna daidai. Aikin tamostat shi ne ya tsare ruwa har injin ya kai wannan zafin da wuri, sannan ya buɗe. In an cire shi, da safe injin zai daɗe bai ɗumama ba, musamman da hunturu, ya riƙa shan mai fiye da kima, baƙin mai ya riƙa gurɓacewa, silinda tana cinyewa a hankali. Kuma abin da ya sa motar zafi tun farko yana nan ba a taɓa shi ba: ko lagireto ya toshe da gishirin ruwan rijiya, ko fanka ta mutu, ko murfin lagireto ya saki. Murfin nan da ake rainawa shi ke matse ruwan ya hana shi tafasa a digiri 100, ya kai shi kusan 120. In robarsa ta mutu, ko sabon lagireto ka sa motar za ta tafasa a hawa.

Baba Tanimu Mai Gareji:
Maganar murfi na yarda, na sha ganin haka. Ta tamostat ma ban ce ƙarya ka yi ba. Amma kai a masana'anta in ka rubuta takarda sito za ta ba ka sabon kaya. Ni direban haya ne zai zo mini da fasinja a cikin mota, kuɗin da ke aljihunsa bai kai na wanke lagireto ba balle sabo, ga balas na jiransa da yamma. Me zan ce masa, ya ajiye mota sati guda? Ina yin abin da zai kai shi gida yau. Wannan ma ilimi ne, ba a koyar da shi a aji.

Injiniya Bala:
Haka ne Maigida. Wannan kam ba ni da amsarsa.

Kabiru Ɗan Hadeja:
Ku yi haƙuri in shigo da ɗaci, don yaron ya tambayi abinci. Na gama Makanikal da sakamako mai kyau, na yi bautar ƙasa, na yi shekara uku ina yawo da fayil. Na je intabiyu wani kamfani, mu fiye da ɗari a kan gurbi biyu. Sadiq, ka duba garinku kawai. Kamfanin haɗa Peugeot ya fara aiki a Kaduna a 1975, iyayenmu suna ba da labarin lokacin da 504 ke fita daga can kullum. Masaƙun Kakuri da suka ɗauki dubban mutane yau ciyawa ce a harabarsu. Matatar mai ta Kaduna da aka buɗe a 1980 ta fi shekara nawa tana kwance? Ajaokuta tun 1979 aka fara ginin, har yau ba a narka ƙarfe a babbar tanderunta ba. Ƙasar da ba ta yin ƙarfenta, ina injiniyan ƙira zai yi ƙira? Kada wani ya ruɗe ka da cewa kana fita kamfanin mai zai ɗauke ka.

Sadiq Rigasa:
Yaya Kabiru jikina ya yi sanyi wallahi. To yanzu me kake yi?

Kabiru Ɗan Hadeja:
Yanzu alhamdu lillahi ina cin abinci, kuma da karatun nake ci, sai dai ba ta ƙofar da na zata ba. Na koma gida, ina zaune a fadama wurin wani kawuna mai noman rani. Ƙarshen rani ya yi, ruwa ya ja ƙasa, injin ban-ruwansa ya daina jawowa. Ya riga ya yanke shawarar sayar da tumaki biyu ya sayo inji mai ƙarfin doki fiye da nasa. Na ce Kawu tsaya. Na ɗaura dutse a igiya na zura a rijiyar, na auna, ruwan yana wajen mita takwas da rabi daga inda injin yake zaune.

Abin da aka koya mana a aji uku shi ne famfon da ke sama ba jawo ruwa yake yi da ƙarfinsa ba. Iskar da ke cikin tiyo yake kwashewa, sai nauyin iskar duniya ya danno ruwan ya hau. Nauyin iskar nan kuwa iyakarsa ya ɗaga ruwa mita 10 da ɗan kai, a takarda ke nan. A aikace, da gogayyar tiyo da ɗan yoyon iska, daga mita bakwai zuwa takwas magana ta ƙare. Ko injin doki ɗari ka kawo ba zai wuce nan ba. Na ce a haƙa rami mita biyu a gefen rijiyar a saukar da injin ciki, a naɗe mahaɗar tiyo da roba sosai. Kafin la'asar ruwa yana gudu a gona. Tsofaffin manoma da yawa sun san dabarar ramin nan, ba ni na ƙirƙiro ta ba, amma ni na san iya zurfin da za a haƙa da dalilinsa, na kuma san lokacin da rami ba zai yi ba sai famfon da ake zurawa cikin ruwa.

Daga ranar aka fara kirana. Yau ina auna rijiya, in lissafa girman famfo da bututu da yawan faifan sola da gona ke buƙata, ina da yara huɗu. Amma shekara ukun nan da na yi ina jiran takardar ɗauka har yanzu suna yi mini ciwo, shi ya sa na fara da su.

Injiniya Hauwa:
Kabiru ya faɗi gaskiya a kan abin da ya mutu, bari ni kuma in faɗi abin da ke raye, don kada a bar yaro da rabin hoto. Akwai siminti a Obajana da Ashaka da Kalambaina ta Sakkwato. Akwai injinan casar shinkafa a Kano da Kebbi da Jigawa, kowannensu da tukunyar tururi da bel-bel da injinan busarwa. Akwai madatsun wuta na Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, duk manyan injinan da ruwa ke juyawa ne. Matatar Dangote a Legas an gina ta ne a kan ganga 650,000 a rana. Ga jirgin ƙasa, ga bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano da ake shimfiɗawa, ga mayar da motoci su yi aiki da gas tun da aka cire tallafin fetur a 2023. Guraben ba su kai yawan masu fitowa ba, wannan ba a musu. Kuma mafi yawan aikin da ake samu a nan na kula da inji ne da hana shi tsayawa, ba zanen sabo ba. Wanda ya san haka tun farko ba zai ji an yaudare shi ba.

Ni ɓangaren sanyaya gini nake, manyan na'urorin sanyi na asibiti da ɗakin tiyata da ɗakin ajiyar magani. A ajinmu mu uku ne mata. Na faɗi haka ne don na san akwai 'yan mata a zauren nan da suke karantawa ba sa magana. Aikin ba ƙarfin damtse ba ne, abin da ya yi nauyi akwai na'urar ɗagawa. Ranar da na'urar ɗakin ajiyar jini ta tsaya da tsakar dare aka kira ni, ba wanda ya tambaya mace ce ko namiji.

Sadiq, in kana son ka gwada kanka tun yanzu, ka tambayi kanka me ya sa ruwan randa yake sanyi, na bokitin roba kuma ba ya yi. In tambayar ta hana ka sukuni har sai ka gano, to kana da halin masu wannan karatu.

Sadiq Rigasa:
Anti, ko don randa tana tsattsafo da ruwa ta jikinta, iska tana busar da shi?

Injiniya Hauwa:
Shi ne. Ruwan da ke bushewa a bayan randa sai ya ɗebi zafi kafin ya zama tururi, daga jikin ruwan ciki yake ɗiba. Shi ya sa randa ta fi sanyi da bazara da hunturu lokacin da iska take a bushe, da damina kuma ba ta cika yi ba. Firji da na'urar sanyaya ɗaki ma ruwa ne na musamman ke zama tururi a cikin bututu yana kwashe zafi, sai kwamfireso ya matse shi ya mayar. Abin da kakarka take yi da yumɓu shi za ka yi shekara kana lissafawa.

Abba Sakkwato:
Ai ga Jelani Aliyu ɗan garinmu da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka. Ka nuna wa Baba shi kawai, magana ta ƙare.

Malam Nura Poli:
Abba a gyara kaɗan. Jelani abin alfaharinmu ne, amma ba Makanikal ya karanta ba. Zanen gine-gine ya fara yi a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi, sannan ya tafi Detroit ya karanta zanen mota, wato siffarta da kyanta. Masu lissafin injin da batir da birki wasu ne daban. Kada yaro ya je wa mahaifinsa da hujjar da za a iya warwarewa.

Sadiq, tun da kowa jami'a yake ta faɗi, bari in buɗe maka ɗaya ƙofar. Ga Kaduna Poli a garinku, tana cikin tsofaffin makarantun fasaha a Arewa. ND, wato ƙaramar difloma, shekara biyu, aikin masana'anta shekara ɗaya, HND, wato babbar difloma, shekara biyu. Mu hannunmu ya fi taɓa ƙarfe. Kuma in ka yi ND da sakamako mai kyau kana iya shiga jami'a kai tsaye aji biyu. Amma ka san wannan tun yanzu: COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya tun 1970, ba ta rajistar mai HND a matsayin injiniya kai tsaye, tana da rukuninsa daban, sai ya ƙara karatu. Ni na sha wannan bambancin a wurin aiki, wanda na koya wa aiki ya zo ya zama shugabana saboda takarda. Ban ce kada ka je ba, na ce ka shiga da idonka a buɗe.

Shi ma mai digiri ba ranar da ya gama yake zama injiniya a doka ba. Sai ya yi aƙalla shekara huɗu yana aiki, sannan ya nemi rajista. Kuma kafin ka cike kowace makaranta, ka bincika ko sashen Makanikal ɗinta yana da amincewar NUC, hukumar kula da jami'o'i, da COREN. ABU Zariya, BUK, ATBU Bauchi, ta fasaha da ke Minna, ta Wudil, duk suna da sashen, amma kai dai ka duba matsayinsu na wannan shekarar da kanka.

Isufu Damagaram:
Gaisuwa ga mutanen Najeriya. Mu nan Nijar yaro sai ya samu bakaloriya ta kimiyya ko ta fasaha, sannan ya nemi shiga, akwai EMIG a Yamai mai horar da injiniyoyi. Wurin aiki kuma ga matatar SORAZ nan kusa da mu tun 2011, ganga 20,000 a rana, ga kamfanin haƙar kwal na SONICHAR a jihar Agadas, ga siminti a Malbaza. Amma maganar Baba Tanimu ita ce tamu ma. Da yawa daga kayan gyaranmu daga Kano suke zuwa, kuma in injin niƙa ya gagara a nan, wani sa'in maƙerin Najeriya ake kira. Ina roƙon masu karatu ku riƙa kusantar maƙeran nan, don su ke riƙe da talaka.

Sadiq Rigasa:
Na gode ƙwarai. Tun da an yi maganar injin niƙa, Yaya Injiniya akwai abin da ke damun Baba. Sandar injinmu ta karye sau uku cikin shekara ɗaya, kuma kullum a wuri ɗaya, dab da fuli. An yi walda ta karye, an feƙo sabuwa ta karye. Baba ya ce ƙarfen yanzu ne ba shi da albarka.

Injiniya Bala:
Madalla, ga darasi ya kawo kansa. In karyayyar tana nan, je ka ɗauko ka duba fuskar wurin da ya karye da kyau a cikin haske. Ka gaya mini abu biyu. Fuskar iri ɗaya ce ko kashi biyu? Sannan wurin da sandar ta rage kauri don fuli ya shiga, an yanke shi da kusurwa mai kaifi kamar matakala, ko an yi masa ɗan lanƙwasa?

Sadiq Rigasa:
Na samo ta a bayan shago. Kashi biyu ce wallahi. Fiye da rabi sumul yake, har da wasu layuka masu lanƙwasa kamar sawun ruwa a kan yashi, ya ɗan yi duhu. Sauran kuma garas-garas ne yana ƙyalli. Wurin da aka rage kaurin kuma kaifi ne sosai, farcena yana maƙalewa, kuma daidai nan ta karye.

Injiniya Bala:
To ba rana ɗaya ta karye ba. Gajiyar ƙarfe ke nan. Ka taɓa lanƙwasa waya gaba da baya har ta tsinke? Bel yana jan sandar gefe ɗaya, ita kuma tana juyawa, don haka kowane juyi ɗaya an lanƙwasa ta gaba da baya sau ɗaya, ko da ido ba ya gani. Mu ƙaddara motar da ke juya injin niƙanku tana juyi 1,450 a minti, fulinta inci huɗu, na injin inci takwas. Sandar tana juyi 725 a minti ke nan. In an yi aikin awa takwas, an lanƙwasa ta sau 348,000 a yini guda. Duk wahalar nan a kusurwar mai kaifi take taruwa, kamar yadda yadi yake yagewa daga inda aka ɗan tsaga shi da almakashi. Tsagar ta fara ƙarama, tana ci kaɗan-kaɗan, shi ne wurin sumul mai layuka. Da ragowar ƙarfen ya kasa ɗaukar nauyi sai ya ɓalle lokaci ɗaya, shi ne wurin garas-garas. Walda kuma ƙara lalata wurin take yi, don zafinta yana canja ƙarfen.

A gaya wa mai feƙewa ya bar lanƙwasa a kusurwar ya goge ta sumul. A matso da fuli kusa da boris iya yadda zai yiwu. A rage ɗaurin bel.

Baba Tanimu Mai Gareji:
Injiniya ya yi daidai, ni ban taɓa lissafa yawan juyin ba, yau na ƙaru. Amma bari in cike masa biyu. Na farko, yarona, masu niƙa suna ɗaure bel tamau ne saboda yana zamewa, yana zamewa kuma saboda ya tsufa ko ramin fuli ya cinye. In ba a canja bel ba, gobe mahaifinka zai sake ɗaurewa. Ka danna tsakiyarsa da babban yatsa, ya kamata ya ɗan lotsa. Ka kuma ja zare a gefen fuli biyun ka ga ko suna kan layi ɗaya. Na biyu, wane ƙarfe aka feƙa? In rodin gini ne ko ƙarfen banza, ko an yi lanƙwasar ba zai daɗe ba. Ku shiga kasuwar ƙarafa ta Panteka ku nemi tsohon shaf na babbar mota, a feƙa daga jikinsa. Wannan ƙarfen an yi shi ne don murɗawa.

Injiniya Bala:
Wannan na biyun ban kawo shi ba, kuma shi ne zai fi yi musu sauƙin samu. Na gode Maigida. A dai duba kada a sayo wanda ya riga ya tsage.

Maman Hanifa:
Sadiq, in za ka kai wa mahaifinka maganar nan, kada ka ce masa ya yi kuskure. Ka kai masa karyayyen ƙarfen ka nuna masa da yatsa, ka ce manya ne suka yi maka bayani.

Sadiq Rigasa:
Assalamu alaikum, na dawo da labari. Jiya bayan isha na kai wa Baba sandar da tocila. Na nuna masa wurin sumul da wurin garas-garas, na lanƙwasa waya a gabansa har ta tsinke. Ya daɗe yana juya ƙarfen a hannunsa bai ce komai ba. Can ya ce ashe shi ya sa kullum a nan take karyewa. Yau da safe mun duba bel ɗin, gefensa duk ya cinye, fulin ma ba sa kan layi, zaren ya nuna. Ya ce ranar Asabar mu shiga Panteka tare.

Maganar karatu bai ce e ba tukuna. Abin da ya ce shi ne in samo masa jimillar kuɗin makaranta na shekara da na masauki a Zariya da Kano, da na Poli, ya gani a rubuce. Ya kuma ce ba zan zauna a gida ina jiran JAMB ba.

Malam Nura Poli:
Wannan ai rabin amincewa ne. Ka ɗauko kuɗin daga shafin kowace makaranta, kada ka rubuta na ji an ce. Ka kuma dage da lissafi da fiziks, tsofaffin tambayoyin JAMB kullum, don gurbin Makanikal ana rububinsa.

Injiniya Hauwa:
In kana da hanyar samun kwamfuta ko ta aro ce, ka fara taɓa AutoCAD, manhajar zanen injiniya, kafin ka shiga. Zai rage maka wahalar aji biyu.

Baba Tanimu Mai Gareji:
Yarona, tun da mahaifinka ya ce ba zama, ni ma a Kaduna nake. In ya amince, ka zo wurina watannin nan kafin jarrabawa, safe zuwa azahar, da yamma ka yi karatunka. Ba zan karɓi ko sisi ba. Ina so ranar da za a turo ka wata shida a aji huɗu, duk garejin da ka shiga su san ka taɓa riƙe sifana. Ka turo mini saƙo ta gefe in yi maka kwatance, amma mahaifinka ne zai kawo ka da kansa, haka muke karɓar yaro.

Sadiq Rigasa:
Allah ya saka da alheri Baba, ya ƙara girma. Na gaya masa, ya ce in mun fito daga Panteka ranar Asabar za mu biyo. Me zan zo da shi?

Baba Tanimu Mai Gareji:
Tsofaffin kaya da takalmi mai rufe yatsu. Ka taho da karyayyar sandar nan ma, ina so in nuna wa yarana layukan.